Hayar Fulat a Tsakiyar Kano: Lissafin Kuɗi, Auna Unguwa da Raya Filin Shaƙatawa

Kuɗin da dillali ya faɗa maka a waya shi ne abin da zai shiga aljihun mai gida. Abin da zai fita daga naka aljihun kafin shekara ta zagayo ya fi haka, domin akwai ruwa, akwai wuta, akwai kuɗin adaidaita sahu, akwai kuma zafin bazara da za ka saya wa magani. Fulat biyu masu ɗaki biyu da falo, ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi ɗaya a Hotoro, za su iya zuwa da farashi guda, amma ɗaya ya ci maka kusan ninkin ɗaya. Don haka da takarda da biro ake fara neman gida, kafin a taka ƙafa.

Inda kuɗin ke tafiya

A Kano hayar shekara ake biya gaba ɗaya, wasu masu sabon gini ma shekara biyu suke nema a karon farko. A kan wannan akwai la'adar dillali, wadda aka fi sani da kashi goma cikin ɗari, sai kuɗin rubuta yarjejeniya idan lauya ne ya rubuta, sai kuɗin ajiya na ɓarna a wasu gidajen. Idan bene ne mai fulat huɗu ko shida, akwai karo-karo na mai gadi, kwasar shara, wutar da ke tayar da ruwa zuwa tanki, da kwashe sokawe. Ka nemi a faɗa maka kowanne da adadinsa kafin ka ce kana so.

Mu ɗauki misali, kai kuma ka sa farashin unguwar da kake dubawa. A ce haya naira 1,200,000, la'ada 120,000. Gidan ba ruwa, sai na 'yan garuwa. Mutum ɗaya na buƙatar aƙalla lita 50 a rana don sha, girki, wanka, wanki da banɗaki. Iyali mai mutum shida lita 300 ke nan, wato jarka 12 mai lita 25, kusan kura guda kullum. In jarka naira 100 ce, ka kashe 1,200 a rana, 438,000 a shekara, fiye da sulusin hayar. Kuma mai garuwa ba ya hawa bene na biyu a farashin ƙasa. In kuma sai ka hau adaidaita biyu kafin ka isa wurin aiki, kowane hawa naira 300, zuwa da dawowa 1,200 ne, a kwana 22 na wata 26,400, a shekara 316,800. Gidan da ya fi wancan tsada da naira 300,000 amma yake da rijiyar burtsatse, kuma hawa ɗaya ne zuwa aiki, shi ne mai arahar.

Ka yi ƙoƙari haya da waɗannan larurori kada su haura sulusin abin da kake samu a shekara. Daga watan da ka tare ka fara ware kashi ɗaya cikin goma sha biyu na hayar baɗi, ko ta adashi ko a wani asusu dabam, ka ɗora wani abu a kai saboda ƙari.

Tsakiyar Kano ba iri ɗaya ba ce. Cikin badala, wato sassan Dala, Gwale da ƙaramar hukumar Birni, yawanci gidajen gado ne, fulat na haya kaɗan ne, kuma da wuya ka samu ba ta hannun ɗan unguwa ba. A Fagge da Sabon Gari akwai benaye da shaguna a ƙasa, amma a nan da kaya kake takara: ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa zai kama ɗaki ya mai da shi sito, ya biya abin da ma'aikaci ba zai iya ba, kuma atamfa ba ta ƙorafin rashin ruwa. Nassarawa GRA da Bompai na masu hali ne da kamfanoni. Inda mai matsakaicin ƙarfi ya fi samun fulat shi ne Zoo Road, Hausawa, Court Road, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kuma kusancinsu da Asibitin Malam Aminu Kano na cikin abin da ke riƙe farashinsu a sama, saboda likitoci da ɗalibai da ma'aikatan jinya duk nan suke nema.

Duba gidan sau uku

Dillali zai so ya kai ka da hantsi, lokacin da ɗaki ke da sanyi, layi ya yi tsit. Ka je, amma ka koma sau biyu kai kaɗai.

Komawa ta farko tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana. Ka dafa bangon da ke kallon yamma da tafin hannunka. In ya yi ɗumi kamar kasko, ɗakin nan ba zai huce ba sai tsakar dare, kuma daga Maris zuwa Mayu fanka iska mai zafi kawai za ta riƙa juya maka. Hawa na ƙarshe a bene shi ya fi shan wannan wahala, musamman in kwano ne a sama da silin siriri. Ka duba ko kowane ɗaki yana da taga a bango biyu. Taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabci a tazarar taku ɗaya, sunanta kawai taga.

Komawa ta biyu bayan sallar isha'i. A lokacin ne za ka ji janaretan maƙwabta, ka ga ko akwai wurin biki a bayan layin, ka ga su wa ke zama a bakin lungu da kuma ko mace za ta iya dawowa ita kaɗai a wannan lokaci ba fargaba.

In damina ce, ka je bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, musamman a Agusta. In rani ne, bango zai ba ka labari. Layi mai duhu a ƙasan katanga yana nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa. Fenti da ya kumbura yana zuba kamar gari, da farin gishiri a jikin filasta, alamar danshi ne daga ƙasa. Sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa kawai, ɓoye wani abu aka yi. Dakalin da aka gina a bakin ƙofofin layin gaba ɗaya don tare ruwa ya ishe ka amsa. Gidaje da yawa a Kano a kan kududdufin da aka cike da shara aka gina su, kuma irin wannan ƙasa takan ci gaba da zama shekara da shekaru. Tsagewa da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, wadda tsinke ke shiga, ba ta filasta ba ce, daga tushe take. Ka bar gidan.

Kan ruwa, ka buɗe kowane famfo da hannunka, har na wanka. Ƙarfin ruwa ya dogara ne da tsayin tanki a kan famfon, shi ya sa na hawan ƙarshe ke samun ɗigo yayin da na ƙasa ke samun feshi. Ka tambayi girman tankin da yawan masu sha: tanki mai lita 2,000 ga fulat shida, kowanne da mutum biyar, ƙarshensa kwana ɗaya da 'yan sa'o'i ne in an yi tsimi, kuma in wuta ta ɗauke kwana biyu kowa ya koma jarka. Wa ke kunna injin tayar da ruwan, da wace wuta, wa ke biyan gyara in ya ƙone? Sannan ka auna da ƙafa tazarar da ke tsakanin rijiyar da sokawe. Abin da ake so mita 30 ne, fulotin ƙafa 50 da 100 kuwa tsawonsa duka kusan mita 30 ne, saboda haka a cikin gari da wuya a samu. In sun yi kusa, a kai ruwan ɗakin gwaji, ko a bar shi ga wanka da wanki a nemi na sha dabam. Taifot da gudawa da ke yawan kama yaran gida ɗaya sau da yawa daga nan suke.

Kan wuta, abu uku ne. Na farko rukunin layin. An kasa masu amfani da wuta daga rukunin A zuwa E: A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, amma yana nan sama da 200. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana cin kamar yunit 9 a awa takwas, kusan naira 2,000 ke nan a dare guda. Rukunin A alheri ne ga mai aiki da wuta, amma sai ya shiga lissafi. Na biyu mita. Fulat ɗin ya zama da mitarsa mai kati shi kaɗai. Mita ɗaya ga gida shida rigima ce da ba ta ƙarewa, domin mai dutsen guga da hita ba zai yarda ya fi mai ƙwan fitila biyu sha ba. Na uku bashi. Ka karɓi lambar mitar ka sayi wutar naira dubu ɗaya ko biyu kafin ka biya haya, ka karanta rasit ɗin. In akwai tsohon bashi a kanta za ka ga an cire wani kaso. Ko mai gida ya biya, ko a rubuta cewa za a zare daga haya. In ba mita sai bil na ƙiyasi, ka nemi bil na wata uku da suka wuce, ka tabbatar a ofishin KEDCO na yankin.

Takarda kafin kuɗi

Kada ka biya dillali kuɗin haya. Ka ga mai gidan ido da ido, ko wakilinsa da ke riƙe da takardar wakilci, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa, ka rubuta dalilin turawar. Damfarar da aka fi yi ita ce a nuna wa mutum uku gida ɗaya da mukullin aro, a karɓi kafin alƙalami a hannun kowa. In gidan gado ne, ka tambaya ko an raba, kuma wa magada suka wakilta. Ba a rasa wanda ya biya babban wa kuɗin, bayan wata biyu ƙane ya zo da tasa takardar.

Yarjejeniyar ta faɗi ranar shiga da ranar ƙarewa, adadin kuɗi, wa ke gyaran rufi da sokawe da famfon rijiya, wa ke gyaran ƙananan abubuwa kamar kan famfo da makunni, wata nawa za a sanar da kai kafin ƙarin haya, da sharaɗin mayar da kuɗin ajiya. Ku zagaya gidan tare ranar karɓar mukulli, ka ɗauki hoton kowane tayil da ya fashe da kowace ƙofa da ta goce, ka tura masa a waya don kwanan wata ya zauna. In za ka sa tanki ko ƙofar ƙarfe ko sola da kuɗinka, a rubuta ko za ka tafi da su ko za a zare daga haya.

A dokokin mafi yawan jihohin Najeriya, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, ɗan hayar shekara-shekara yana da notis na wata shida, na wata-wata kuma wata ɗaya, sannan notis na kwana bakwai kafin a je kotu. Amma abin da ka sa wa hannu shi ke gaba, saboda haka ka karanta wannan sakin layin sau biyu. Mai gida ba shi da hurumin cire rufi ko ƙofa ko fitar da kayanka da hannunsa, kotu ce ke fitar da ɗan haya. Ka adana rasit kuma: sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba da rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar da mutum ya biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin da ake yanka wa haraji. Wanda ba shi da shaidar biya ba zai ci moriyarsa ba.

Tafiyar minti goma

Ka tsaya a ƙofar gidan ka yi tafiyar minti goma da ƙafa ta kowace fuska, kamar mita 800 ke nan. Abin da ke cikin wannan da'ira shi ne unguwarka ta gaskiya: masallaci, makarantar boko da Islamiyya da yaro zai je ba tare da ya tsallaka babban titi ba, kemis mai rajista, mai kayan miya, mai niƙa, wurin cika gas, wurin da adaidaita ke tsayawa. Manyan kasuwanni irin su Rimi, 'Yankaba da 'Yan Lemo na sayayyar mako ne, ba su ake aunawa ba. Ka san asibitin da za ka nufa da ƙarfe biyun dare, ko na Murtala ne ko na Nassarawa ko na Malam Aminu Kano, da kuma ko mota na shiga layin in ruwa ya cika shi.

Mutanen da za su gaya maka gaskiya ba su da riba a cinikin. Ka zauna a teburin mai shayi ka ce, "Malam, ya wutar layin nan take? Yaushe rabon da tiransifoma ta lalace, kuma nawa aka sa wa kowane gida?" Mai garuwa ya san gidan da rijiyarsa ke ƙafewa a Afrilu. Ka gaida mai unguwa kafin ka tare, ba sai ranar da rigima ta taso ba.

A wannan zagayen za ka lura da wani abu da dillali ba ya ambata: ina yara ke wasa, ina dattijo ke miƙe ƙafa da yamma? Mai zaman fulat ba shi da tsakar gida, ba shi da zaure. Gidan Zoo na Audu Bako da Filin Sukuwa wuraren zuwa ne lokaci-lokaci, ba na kullum ba. A yawancin unguwanni akwai wani fili da aka ware tun a taswirar farko, ko harabar da ta rage gefen makaranta ko masallaci, wanda yanzu ya zama juji. Ruwa da wuta sun fi ƙarfin ɗan haya, amma wannan filin mutanen layi biyu ko uku za su iya tayar da shi da hannunsu.

Raya filin unguwa

Kafin a ɗaga cebur ɗaya, a san na wane ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, taswirar unguwanni tana wurin hukumar tsara birane, KNUPDA, bayanan mallaka kuma a hukumar bayanan filaye, KANGIS, da Ma'aikatar Ƙasa. Ku bi ta kan mai unguwa da dagaci zuwa hakimi da ƙaramar hukuma, ku rubuta takarda kuna neman a tabbatar muku cewa wurin filin jama'a ne, da izinin gyarawa da kula da shi. Ku karɓi amsar a rubuce da hatimi. Rusau ɗin da aka yi a Yunin 2023 a Filin Sukuwa da Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ya nuna irin asarar da ke biyo bayan taƙaddama kan filin jama'a. Fili mai tsabta da bishiyoyi ya fi juji jan idon masu neman fuloti, don haka takardar nan ita ce katangarku ta farko.

Kwamitin kada ya wuce mutum bakwai ko tara, kuma a sa masu gidaje, 'yan haya, mata aƙalla biyu, wakilin matasan da ke ƙwallo a wurin, da wani daga masallaci. In aka bar matasan a waje, su suka fi kowa sanin hanyar da za a tumɓuke dashe. A buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu cikin uku, a riƙa manna lissafi duk wata a inda kowa zai gani. Rabon da ya fi zama adalci shi ne masu gidaje su ɗauki manyan ayyuka na gini, tunda darajar gidajensu ce za ta tashi, mazauna kuma su ɗauki kuɗin wata-wata na ban ruwa da shara da gadi.

Aikin farko kwashe shara. Ku nemi motar hukumar kwashe shara, REMASAB, ku haɗa da ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da mutane ke gida da safe. Amma in ba ku samar wa mutane wani wurin zubarwa ba, ko mai kura da zai riƙa bi gida-gida, cikin mako biyu jujin zai dawo, yara za a aiko da shi da asuba. Kada a ƙona sharar a wurin. A kankare saman ƙasar kamar santimita 15 zuwa 20 saboda kwalba, ƙusa da allura.

Na biyu ruwan sama. Ku tsaya ku ga inda yake kwanciya da inda yake fita bayan ruwa mai ƙarfi, ku kafa turaku. A ba filin gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa lambatu, a yashe lambatun har inda ya haɗu da babba. Kada ku ɗaga filin ya fi gidajen gefe tsayi, sai ku tura musu ambaliya, ku kuma rasa goyon bayansu.

Ɗauki fili mai mita 40 da 60. Kewayensa mita 200 ne. Bishiya a kowace mita 8 ta ba da 25, a ƙara 15 a wurin zama da wurin wasan yara, 40 ke nan. Tsakiya a bar shi fili, kamar mita 20 da 35, don ƙwallo da taro. Hanyar tafiya da ƙafa ta zagaye ta ciki, tsawon mita 180, faɗi mita ɗaya da rabi, kaurin santimita 10 na jar ƙasa mai tsakuwa: kubik mita 27, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda za ta zauna in an daɓe. A tambayi direban tifa kubik nawa motarsa ke ɗauka, domin tifa suna suka tara. A jiƙa, a daɓe, a sa bulo a gefe don kada ruwa ya kwashe. Intalok ya fi kyau amma yana iya jira, guda 50 ne a murabba'in mita ɗaya in mai santimita 20 da 10 ne.

Batun ciyawa a ajiye shi. A ranin Kano murabba'in mita ɗaya na ciyawa na shan lita 5 zuwa 8 a rana, wato murabba'in mita 500 zai sha har tanki biyu masu lita 2,000 kullum. Wannan ruwan zai raya bishiyoyin filin gaba ɗaya har ya yi saura. Inuwa mutane ke nema.

Darbejiya ita ce ginshiƙi: tana da saurin girma, tana jure fari, ba ta zubar da ganye gaba ɗaya lokacin da ake buƙatar inuwa. Madaci ya fi ta girma da kwarjini, a ba shi tazarar mita 10 ko fiye. Tsamiya tana da jinkiri amma jikoki za su sha inuwarta, a sa biyu ko uku. Ceɗiya tana kamawa daga reshe mai kaurin damtse, inuwarta ba ta da na biyu, sai dai saiwarta na bin ruwa har cikin sokawe da tushen gini, don haka a nisanta ta da kowane bango aƙalla mita 10. Sauran ma a ba su mita 5 daga katanga, kuma kada a dasa ƙarƙashin wayar wuta. Itacen turare ba ya ba da inuwar kirki, yana shanye ruwa, rassansa na karyewa a iskar farkon damina. Mangwaro yana jawo jifa, a nisanta shi da tagogin mutane. Kada a dasa iri ɗaya kaf, don in cuta ta zo kada ta share filin.

Lokacin dashe ƙarshen Yuni zuwa Yuli ne, bayan ruwa ya zauna. Dashen Satumba ba ya samun saiwar da za ta tsallake rani. Rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, a haƙa mako biyu kafin ranar. A haɗa kashi biyu na ƙasar sama da kashi ɗaya na taki da ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kiran gara. A zaɓi dashe mai tsayin rabin mita zuwa mita ɗaya, a yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, in saiwa ta naɗe a gindi a warware ta ko a datse. Wuyan dashen ya tsaya daidai da saman ƙasa, binne shi da zurfi na ruɓar da shi. A yi masa kwano na ƙasa a kewaye don riƙe ruwa, a shimfiɗa busasshen ganye amma kada ya taɓa jikin itacen.

Abu biyu ke kashe dashe a Kano: akuya da bazara. Kowace bishiya sai da kariya mai tsayin mita ɗaya da rabi tun ranar dashe, ba washegari ba. Bulo da aka jera da ramuka ya fi ƙarfe, domin kejin ƙarfe 'yan gwangwan ke ɗauka. Ruwa kuma lita 20 sau biyu a mako daga Oktoba, sau uku daga Maris zuwa saukar damina, har rani biyu. Bishiya 40 lita 1,600 ke nan a mako, jarka 64, a bazara jarka 96. A ba da shi da yamma, da yawa lokaci guda, don saiwa ta nutsa ƙasa. Yayyafin kullum yana sa ta tsaya a sama. In ba a san inda wannan ruwan zai fito da wanda za a biya ya zuba ba, a dasa 15 a bana, a ƙara baɗi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dabarar da ke aiki ita ce a damƙa wa kowane gida ko shago da ke kallon filin bishiya biyu da sunansa.

Wurin zama a yi dakali, ba bencin ƙarfe ba, wanda ke ƙona jiki da rana kuma yake ɓacewa da dare. Bulo 16 na inci tara, jeri biyu hawa biyu, sun ba da dakali mai tsawon kusan mita biyu da tsayin zama daidai. A cike ramukan, a zuba kankare santimita 5 a sama, gwargwadon buhun siminti ɗaya, kwanon yashi huɗu, kwanon tsakuwa takwas, a riƙa jiƙa shi kwana bakwai don kada ya tsage. A sa shi gabas da bishiya, inda inuwar la'asar ke faɗuwa. A ware wa mata da ƙananan yara ɓangare nesa da ragar ƙwallo, da dakalinsu suna kallon lilo. Ƙarƙashin lilo a zuba yashi mai zurfin santimita 30, a bar fili gaba da baya ninki biyu na tsayinsa.

Katanga doguwa kuskure ce. Abin da ba a gani daga titi shi ke zama matattarar masu shaye-shaye. Shinge mai tsayin mita ɗaya da 'yan kai, wanda ido ke ratsawa, da ƙofa biyu, ya isa ya hana mota da babur shiga. Fitilun sola a kan turaku masu mita 5 zuwa 6, tazarar mita 20 zuwa 25, farantin yana kallon kudu da ɗan karkata, a yi wa kusoshin walda. A lokacin hunturu a goge farantin duk mako biyu, in ba haka ba ƙura za ta sa fitila ta mutu kafin tsakar dare a ce batir ne ya lalace. Banɗaki kuwa, in ba mai kula da shi da ruwa a kullum, kada a gina. In akwai, a yi na maza da na mata da ƙofofi a fuska dabam-dabam, da wurin alwala, a sa kuɗin shiga kaɗan ya biya mai wankewa.

Filin na iya samar da kuɗin kula da kansa: mai shayi, mai suya, mai sayar da ruwa, hayar wurin ɗaurin aure ko walima. Amma a rubuta tun farko cewa ba ginin bulo, ba kwantena, sai teburin da ake ɗagawa, izini na wata-wata, da iyakar adadinsu. Da rumfa ɗaya filayen jama'a da dama suka fara komawa jerin shaguna. A kafa allo da lokutan ƙwallo, lokacin rufewa, da ranar da aka ware wa mata motsa jiki da safe.

A damina ta biyu a cike guraben da suka mutu, ba a rasa su. A ta uku a fara datse rassan ƙasa har tsayin mita biyu, da zarto mai kaifi, dab da jikin itacen ba tare da an ɓare ɓawo ba, don mutum ya wuce ƙarƙashi kuma fitila ta haska. 'Yan hayar da ke cikin wannan aiki su sani cewa layin da ya samu inuwa da fitila hayarsa tashi take yi. Tun ranar da ake karo-karon farko, lokacin da mai gida ke neman hannunsu, ya kamata su nemi a rubuta musu shekara biyu ko uku ba ƙari, ko a ƙayyade iyakar ƙarin, a haɗa takardar da yarjejeniyar haya.